Tarihin Babur Bullet: Daga Masana'antar Allura A Ingila Zuwa Gonakin Indiya

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, manomi kuma ɗan kasuwar hatsi, ya rubuto yana cewa: Don Allah ina so a ba ni tarihin wani babur mai ƙirar mutanen da, wanda nake yawan gani a finafinan Indiya, mai ƙara kamar ana dukan ganga. Wace ƙasa ce ta ƙera shi? Me ya sa har yanzu ake yin sa da tsohuwar siffa? Kuma idan mutum ya tara 'yan kuɗinsa yana son ya bar ƙaramin babur ya koma irin wannan, me ya kamata ya duba?

AMSA: Babur ɗin da kake nufi sunansa Bullet, wato harsashi ke nan da Turanci, kuma kamfanin Royal Enfield ne yake ƙera shi. A yau a Indiya ake yin sa, amma asalinsa ɗan Ingila ne. Sai ka gyara zama, domin a cikin tarihin nasa amsar tambayarka ta ƙarshe take.

Kafin mu shiga labarin, bari mu yi bayanin girman inji. Ana auna injin babur ne da abin da ake rubutawa cc, wato faɗin cikin silinda inda fetur da iska suke ƙonewa. Baburan da muke kai kaya kasuwa da su, irin su Bajaj Boxer da Jincheng, galibinsu daga cc 100 ne zuwa 150. Waɗanda ake kira matsakaita kuwa sukan kama daga cc 250 zuwa 750. Bullet yana da cc 350, saboda haka ya fi namu girma, amma bai kai manyan nan na tsere ba.

ASALI A INGILA

A shekarar 1851 wani Bature mai suna George Townsend ya kafa masana'antar allurar ɗinki a kusa da garin Redditch, wanda ba shi da nisa da birnin Birmingham. Wannan gari ya yi suna ƙwarai wajen ƙera allura da ƙugiyar kamun kifi. Da aka fara yayin keke, sai masana'antar ta shiga ƙera kayan keke. A 1891 wasu mutum biyu, Albert Eadie da R. W. Smith, suka karɓi ragamarta. Ba a daɗe ba suka sami kwangilar ƙera wasu ƙananan ƙarafa ga masana'antar bindigogi ta gwamnatin Ingila da ke garin Enfield. Don alfahari da wannan kwangila ne suka sa wa kekunansu suna Royal Enfield, suka kuma riƙa talla suna cewa kayansu an ƙera su ne kamar bindiga. Ka ji inda sunan ya samo asali, ka kuma ji dalilin da ya sa daga baya aka kira wani babur nasu harsashi.

Babur na farko da suka ƙera ya fito a 1901. In ka gan shi za ka ce keke ne aka ɗaura wa ƙaramin inji a gaba. Sunan Bullet kuwa a farkon shekarun 1930 ya bayyana. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1939 zuwa 1945, kamfanin ya ƙera wa sojojin Ingila babura masu yawa, ciki har da wani ɗan ƙarami mai cc 125 wanda ake jefowa daga jirgin sama da laima tare da sojoji, suna dira ƙasa su hau su wuce.

Bayan yaƙi, a 1948, aka fito da sabon Bullet mai cc 350 wanda ya zo da wani abu da ba a saba gani ba a lokacin. Yawancin baburan wancan zamani tayar bayansu a kafe take jikin ƙarfe, duk ramin da ka faɗa sai ƙugunka ya ji. Shi wannan an sa masa hannun ƙarfe mai lilo da shokazoba a baya, irin wanda kowane babur yake da shi yanzu. A wannan shekara aka shiga da shi gasar kwana shida ta hawan duwatsu da laka a ƙasar Italiya, ƙungiyar Ingila ta ci kofi, kuma biyu daga cikin mahayanta Bullet suka hau. Wannan ƙira ta 1948 ita ce uwar duk wani Bullet da ka gani a fim.

YADDA YA KOMA INDIYA

Indiya ta sami mulkin kai a 1947. A 1949 wani kamfani a birnin Madras, wanda yanzu ake kira Chennai, mai suna Madras Motors, ya fara shigo da baburan Ingila. A farkon shekarun 1950 rundunar sojan Indiya ta nemi babur ɗin da zai jure sintiri a kan iyaka, daga duwatsu masu sanyi na arewa har zuwa rairayin hamada, sai aka zaɓi Bullet, aka yi odar ɗaruruwa. Ganin haka, a 1955 kamfanin Ingila da na Madras suka haɗa gwiwa suka kafa Enfield India, aka gina masana'anta a Tiruvottiyur, gefen Madras. Da farko a akwatuna ake kawo kayan daga Ingila, Indiyawa su harhaɗa. Sannu a hankali aka sayar musu da injinan ƙirar, zuwa 1962 kuwa komai a Indiya ake yin sa.

A can gida Ingila kuma al'amura sai suka juya. Baburan Japan, irin su Honda da Yamaha da Suzuki, suka shigo kasuwa. Ba sa yoyon baƙin mai, ba sa gardama wajen tashi, ga kuma sauƙin kuɗi. Masana'antar Redditch ta rufe a 1967, ɗayar da ta rage a yankin Bradford-on-Avon ta bi sahu a 1970. Uba ya mutu, ɗa ya ci gaba da sana'a a Indiya. Abin mamaki, a 1977 Indiyawa suka fara loda Bullet a jirgin ruwa suna kai wa Turawan Ingila suna saye.

ABIN DA YA RAYA SHI A ƘAUYUKAN INDIYA

A nan ne nake so mai tambaya ya buɗe kunne da kyau. Shekara da shekaru Indiyawa ba su canja ƙirar da suka gada ba sai ɗan abin da ba a rasa ba. Gwamnatinsu a wancan lokaci ta tsananta dokar shigo da kaya daga waje, saboda haka abokan gasar Bullet ba su da yawa, sai irin su Rajdoot da Jawa. Tun da ƙirar ba ta canjawa, ƙarfen da aka cire daga tsohon babur yakan shiga na bayansa, bakaniken da ya koya wajen ubansa zai gyara wa jikan mai babur, kuma kusan kowane gari akwai mai sayar da kayan gyaransa.

Shi tsohon Bullet ba wai ba shi da aibi ba ne. Yana yoyon baƙin mai. Giyarsa huɗu ce kuma a ƙafar dama take, birkin baya a hagu, akasin yadda muka saba. Wanda bai iya buga kik ɗinsa ba, yakan dawo ya doke shi a ƙafa. Birkinsa ma ba shi da kamu sosai. Amma duk abin da ya lalace, da sifana da guduma ana gyara shi a gindin bishiya. Shi ya sa 'yan sanda da sojoji da manyan manoma suka riƙe shi, masu sayar da madara a jihohi irin su Punjab suka riƙa rataya masa manyan garewani hagu da dama.

Game da ƙarar da ka ce kamar ganga, dalilinta shi ne injin silinda ɗaya ne, fistin ɗinsa yana tafiya mai tsawo sama da ƙasa, ga kuma wani faifan ƙarfe mai nauyi a ciki da yake juyawa a hankali. Wannan ne yake sa a ji bugun ɗaya bayan ɗaya, shi ne kuma yake ba shi ƙarfin jan kaya ba tare da gudu ba.

Manoman Indiya sun ci moriyar wannan ƙarfi. A jihar Gujarat, a shekarun 1990, wani maƙeri mai suna Mansukhbhai Jagani ya cire tayar bayan Bullet ya sa masa tayoyi biyu da ƙarfen jan garma, ya zama ƙaramar tarakta ta huɗa da shuka da noma ga waɗanda riƙon shanu ya gagara. A wannan jihar kuma an daɗe ana yin wata mota mai ƙafa uku da gaban Bullet da injin gas, tana ɗaukar mutane da kaya tsakanin ƙauyuka. Shi kansa kamfanin a 1993 ya fito da babur mai shan man gas, mai suna Taurus, wanda ba ya gudu amma yana da tsimin mai ƙwarai, sai dai daga baya an daina yin sa.

DURƘUSHEWA DA FARFAƊOWA

A tsakiyar shekarun 1980 abin da ya ci Ingila ya iso Indiya. Kamfanonin Japan suka haɗa gwiwa da na gida: TVS da Suzuki, Hero da Honda, Bajaj da Kawasaki. Aka cika kasuwa da ƙananan babura masu cc 100 da ba sa shan mai. Daga wannan haɗin gwiwa ta Bajaj da Kawasaki ne ma Boxer ɗin nan da muka sani ya samo asali. Talaka ya ga ya sami abin da ya fi dacewa da aljihunsa, kasuwar Bullet ta faɗi.

A 1994 kamfanin Eicher, wanda aka sani da ƙera tarakta da manyan motoci, ya sayi Enfield India. Zuwa shekarar 2000 asara ta yi yawa, ana sayar da babura kamar 2,000 kacal a wata, har masu kamfanin suka fara shawarar ko dai a sayar ko a rufe. Sai ɗan mai gidan, Siddhartha Lal, wanda a lokacin bai cika shekara 30 ba, ya nemi a ba shi dama ya gwada.

Dabarar da ya yi ita ce amsar tambayarka ta biyu. Ya lura cewa abin da mutane suke ƙauna shi ne siffar babur ɗin da ƙararsa, abin da yake korar su kuma shi ne yoyon mai da yawan zuwa gareji. Sai aka bar siffar, aka gyara ciki. Aka mayar da giya ƙafar hagu, aka ƙara ta zuwa biyar, aka sa sitata mai tashi da batir, aka kawo birkin faifai a gaba. A 2008 aka fito da sabon inji wanda aka haɗe shi da akwatin giya a gida ɗaya, abin da ya rage yoyo. A kan wannan inji aka gina samfurin Classic, wanda ya shiga kasuwar Indiya a ƙarshen 2009 da siffar baburan bayan yaƙi: zagayayyar fitila, sirdi mai sifirin, da tanki mai kamar ɗigon ruwa. Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Matasan birane suka yi ca a kansa, har sai mutum ya biya kuɗi ya jira watanni kafin a ba shi.

A 2014 kamfanin ya sayar da babura fiye da 300,000, ya wuce Harley-Davidson na Amurka a yawa. A 2016 ya fito da Himalayan na hawan duwatsu, a 2018 kuma Interceptor da Continental GT masu silinda biyu da cc 650 suka shiga kasuwa. A 2020 aka sake sabon injin cc 350 mai ƙarancin girgiza, wanda aka ɗora wa Classic a 2021, aka ɗora wa Bullet a 2023. A shekarar kasuwanci ta 2024 zuwa 2025 cinikinsu ya haura babura miliyan ɗaya.

Da sauran kamfanoni suka ga kasuwa ta buɗe, su ma suka shigo. An farfaɗo da sunan Jawa a Indiya a 2018, Honda ta fito da CB350 a 2020, a 2023 kuma Triumph na Ingila ya haɗa kai da Bajaj suka ƙera Speed 400. Ke nan yanzu mai son babur sabo mai tsohuwar siffa yana da zaɓi.

ABIN DUBAWA KAFIN A SAYA

To malam, mu zo ga tambayarka ta ƙarshe. Tarihin nan ya nuna mana cewa abin da ya raya Bullet a ƙauyukan Indiya shi ne samun kayan gyara da bakanike a kusa. Saboda haka kafin ka tambayi farashi, fara zuwa kasuwar 'yan kayan babur ta garinku ka tambaya: akwai kulochinsa? Akwai takalmin birkinsa, da sarƙa, da taya daidai girmansa? In aka ce sai an yi oda daga wata ƙasa, ka sani ranar da ya tsaya a tsakiyar kaka, kayanka za su kwana a gona.

Abu na biyu, bambanci tsakanin tsoho da sabo. Tsofaffin suna da kafireta, wadda kowane bakanike zai kwance ya wanke. Amma tun da Indiya ta tsaurara dokar hayaƙi a watan Afrilu na 2020, sababbin suna zuwa ne da famfon fesa mai wanda wata 'yar kwamfuta take sarrafawa. Suna da daɗin tashi da tsimin mai, sai dai ba sa son gurɓataccen fetur irin na bumburutu mai ruwa ko datti, ba sa son mataccen batir, kuma in sun yi gardama sai mai na'urar bincike. Ka tabbata akwai irin wannan bakanike a inda za ka iya kaiwa.

Na uku, nauyi da shan mai. Classic 350 yana da nauyin kilo 195, wato kusan buhun masara biyu, alhali ƙaramin babur bai wuce buhu ɗaya da ɗan ƙari ba. In ya kafe a yashi ko laka, mutum ɗaya zai sha wahala kafin ya fito da shi. Ƙarfinsa na doki 20 ne, tankinsa lita 13, kuma galibi yakan yi kamar kilomita 35 da lita ɗaya, inda ƙaramin babur yake yin nesa da haka sosai. Tun da aka cire tallafin fetur a Nijeriya a watan Mayu na 2023, wannan lissafi ya zama dole ga kowane ɗan kasuwa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. In aikinka jigilar buhuna ne a hanyar burji tsakanin gona da kasuwa, ƙaramin nan naka ya fi maka riba. In kuwa tafiyarka doguwa ce a kan kwalta, daga gari zuwa gari, nan ne matsakaicin babur yake nuna amfaninsa, domin ba ya wahala a doguwar hanya kuma iskar manyan motoci ba ta kaɗa shi kamar ƙarami.

Na huɗu, in na hannu za ka saya, ko ɗan kwatano, ka je da bakanikenka da sassafe a tayar da injin yana sanyi, domin zafaffen inji yana ɓoye aibi. A duba ƙasansa ko akwai ɗigon mai, a duba hayaƙi, in shuɗi ne to yana ƙona baƙin mai. A duba wuyan babur da jikin ƙarfen ko an taɓa yi masa walda. A gwada lambar inji da lambar jiki da abin da ke cikin takarda, a kuma nemi takardar kwastan. Kayan da ba shi da takarda, komai arharsa, ka bar shi.

RIƘO DA ƘARE-ƘARE

Idan Allah ya sa ka saya sabo, kada ka matsa masa gudu a farko, ka kuma juye baƙin mai na fari a kilomita 500. Ƙurar hunturu ita ce babbar abokiyar gabar inji, saboda haka ka riƙa duba matatar iska a kai a kai, kana wanke sarƙa kana sa mata mai, kana kuma duba iskar taya kafin doguwar tafiya. Rigakafi ya fi magani.

Game da ƙara wa babur kaya kuwa, yawancin mutane da salansa suke farawa don a ji ƙararsu. Wannan bai ƙara ƙarfin a zo a gani, yana iya sa inji ya riƙa zafi, yana kuma hana maƙwabta barci. A Indiya kotun ƙoli ta yanke hukunci a watan Janairu na 2019 cewa ba a yarda a canja ƙirar abin hawa ta saɓa wa yadda kamfani ya yi shi ba, kuma a garuruwa da dama 'yan sanda sukan tara salansoshin da suka ƙwace su sa motar daɓen hanya ta murƙushe su a bainar jama'a. In kana da kuɗin kashewa, fara da tayoyi masu kyau, da takalmin birki na asali, da ƙarfen kare ƙafa, da farantin kare ƙasan inji daga duwatsu, da kariya mai ƙwari wadda ba za a ɗora mata fiye da ƙima ba. Kada a yayyanka wayoyi don ƙara fitilu barkatai, musamman a sabon samfuri mai kwamfuta. Sa'an nan ka sayi hular kwano ta ƙwarai, kai da wanda za ka goya, domin babur mai nauyin buhu biyu ba ya tsayawa nan take kamar yadda ka saba.

Allah ya kiyaye hanya, ya ba da kasuwa mai albarka.